Dashen Ƙwayoyin Hanji: Amsa Ga Wani Malami A Ruwan Bago

Kwanan baya na fita rangadin makarantu a yammacin Kano, na bi ta Karaye na gangara ƙasar Rogo, har na yada zango a Ruwan Bago. Bayan an tashi yara muna zaune a inuwa da malamai ana duba littattafan shirin darasi, sai wani malami mai koyar da kiwon lafiya ya ce yana da tambaya, amma yana jin nauyin yinta. Na ce ya faɗi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma sha ɗaya ke nan ina koya wa yara cewa bayan gida shi ne tushen cuta, a yi shi a salga, a rufe, a wanke hannu da sabulu. Shekaranjiya wani yaro ɗan aji shida ya miƙe ya ce yayansa ya karanta masa a waya, wai likitocin Turai suna ɗiban bayan gidan mai lafiya su sa wa majiyyaci a ciki, ya warke. Aji ya fashe da dariya. Na ce masa ƙarya ce, ya zauna. Amma tun ran nan zuciyata ba ta kwanta ba."

Na ce masa yaron gaskiya ya faɗa, shi ma kuma abin da ya ke koyarwa gaskiya ne. Rana ta yi yamma, ban sami damar warware masa zancen yadda ya kamata ba, sai na yi alkawarin in rubuto. Na zaɓi in rubuta a nan domin na tabbata ba shi kaɗai za a yi wa wannan tambaya ba. Masu karatu su gafarce ni, gama dole in ambaci abin da ba a ambata a gaban manya.

Mazauna Cikin Hanji

Wahalar farko daga bakinmu ta ke. Kowane abu mai rai da ido ba ya gani, mun sa masa suna ƙwayar cuta, har yaro ya taso yana zaton dukansu abokan gaba ne. Alhali kuwa masu kawo cuta kaɗan ne ƙwarai cikinsu. Tun cikin 1681 wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antoni van Leeuwenhoek, ya duba bayan gidansa a madubin da ya haɗa da hannunsa, ya ga waɗansu 'yan halittu suna motsi a ciki. Ƙididdigar da masana suka yi cikin 2016 ta nuna cewa baligi guda yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya wajen tiriliyan 38, watau miliyan sau miliyan har sau 38, galibinsu a babban hanji. In an tara su duka a ma'auni nauyinsu bai fi giram 200 ba. Iri-iri ne, ɗaruruwa a cikin mutum guda, kuma na wannan mutum ba daidai su ke da na wancan ba.

Ba zaman banza su ke yi ba. Dusar hatsi da zaren ganye da ɓawon wake, waɗanda cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa, su ne abincinsu. In sun ci sai su fid da waɗansu sinadarai masu tsami waɗanda bangon hanji ke rayuwa da su. Suna yin sinadarin da ke taimakon jini ya daskare in an yi rauni. Suna horad da garkuwar jiki ta san baƙo ta san ɗan gida. Abin da ya fi shafar zancenmu kuwa shi ne, sun cika wurin, sun cinye abincin, saboda haka in muguwar ƙwaya ta shigo ba ta samun masauki. Jariri yakan fara samunsu daga uwarsa sa'ad da a ke haihuwarsa, sa'an nan a nono. Akwai ma wani irin sukari a nonon uwa wanda jariri ba ya narkar da shi ko kaɗan, abincin waɗannan ƙwayoyi ne kurum. Kafin yaro ya cika shekara uku hanjinsa ya kusa yin kama da na babba.

To, sai aka sami maganin kashe bakteriya. Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan cikin 1928, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya bazu ko'ina, sauran irinsa suka biyo baya. Ba mai hankalin da zai raina wannan ni'ima, gama ta ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Amma magani ba shi da ido. In an sha shi domin ƙurji a ƙafa ko ciwon haƙarƙari, sai ya bi hanji ya kashe mai laifi da marar laifi.

Akwai wata ƙwaya da ke jiran wannan rana. Masana biyu a Amurka, Hall da O'Toole, su suka fara bayyana ta cikin 1935, a bayan gidan jarirai masu ƙoshin lafiya, suka laƙaba mata suna difisil, watau mai wuya, domin ta ba su wahala wajen renonta a ɗakin bincike. Cikakken sunanta a yau Kulostiridiyoyidis difisil. Sai cikin 1978 aka tabbatar ita ce ke kawo mugun zawon nan da ke bin bayan shan magani. Muddin hanji cike ya ke da mazaunansa, ba ta da ta cewa. Da sun ƙare sai ta yaɗu kamar ƙuduji a gonar da ta gaji, ta riƙa zub da dafi yana cin bangon hanji. Mutum ya yi ta zawo, sau goma ko fiye a yini, da zazzaɓi da murɗar ciki. Tsofaffi da waɗanda suka daɗe kwance a asibiti ta fi kayarwa. A Amurka kaɗai, cikin 2011, an ƙiyasta ta kama mutum wajen 453,000, kuma wajen 29,000 suka mutu cikin wata guda da gano ta a jikinsu.

Maganinta kuwa wani maganin kashe bakteriya ne, kamar bankomaisin. Nan ne gizo ke saƙar. Wannan ƙwaya tana da iri mai tauri wanda magani ba ya fasawa. Sai ya kwanta har a gama sha, ya tsiro a hanjin da ya ƙara zama kango. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar cutar takan komo masa, wanda ta komo wa sau biyu kuwa ya fi kusa da ta sake komowa. Akwai waɗanda suka shekara a haka, sun rame, ba su iya nisa da makewayi.

Yadda Aka Komo Ga Dashe

Manomin Rogo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. In shuka ta yi giɓi, ba ya tsayawa yana ta cirar ciyawa a wurin kullum. Yakan je inda dawa ta yi kauri ya ciro, ya dasa. Haka matar da za ta kwantad da kindirmo takan zuba ɗan ragowar na jiya a cikin sabon nono. Abin da likitoci ke yi ke nan: su ɗebo jama'ar ƙwayoyi ɗungurungum daga hanjin da ke lafiya, su dasa a wanda ya zama kango. Ba inda a ke samun wannan jama'a a haɗe sai a bayan gida.

Dabarar tsohuwa ce. Wani likitan ƙasar Sin, Ge Hong, ya rubuta ta tun ƙarni na huɗu, domin masu mugun zawo da waɗanda suka ci abinci mai guba. Likitocin dabbobi har yau sukan ɗebo ruwan tumbin saniya mai lafiya su ɗura wa wadda ta daina tuƙa. Wanda ya taɓa kiwon doki kuma ya ga dukushi cikin makonninsa na farko yana cin kashin uwarsa, ba wanda ya koya masa.

A asibitin zamani kuwa, wani likitan fiɗa a birnin Denba na Amurka, Ben Eiseman, shi da abokan aikinsa suka ba da labari cikin 1958 cewa sun yi wa mutum huɗu masu wannan mugun ciwon hanji ɗurin bayan gidan masu lafiya ta dubura, dukansu suka tashi. A lokacin ba su ma san ƙwayar da su ke yaƙi da ita ba. Duk da haka aka yi fiye da shekara hamsin likita nan, likita can ne ke gwadawa, saura suna ƙyama. Abin da ya karya gardama shi ne gwajin da aka yi a Amstadam, aka buga sakamakonsa cikin 2013. An raba majiyyatan da cutar ta yi ta komo musu gida uku. Cikin 16 da aka yi wa dashe, 13 suka warke da yi ɗaya, biyu kuma da aka maimaita musu, watau 15 ke nan. Cikin 13 da aka ba bankomaisin kaɗai, 4 suka warke. Cikin 13 da aka ba shi tare da wankin hanji, 3. Masu sa ido a kan gwajin suka tsai da shi tun bai kai ƙarshe ba, domin sun ga ba adalci a ci gaba da hana sauran abin da ke warkarwa.

Yanzu aiki ne mai ƙa'ida. Akan yi wa mai bayarwa tambayoyi masu yawa, a auna jininsa, a auna bayan gidansa. Sa'an nan a dama abin da ruwan gishiri na asibiti, a tace, a sanya wa majiyyaci ta dubura, ko ta siririn bututu da ke bi ta hanci zuwa hanji, ko a daskarad da shi cikin kafso a haɗiya. Hukumar da ke tsara jiyya a Ingila ta amince da shi cikin 2022 domin wanda cutar ta riga ta kama sau biyu ko fiye. Hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin wani haɗi mai suna Rebyota a watan Nuwamba 2022, da kafso mai suna Vowst a watan Afrilu 2023.

Ina so malamai su riƙe abu biyu a nan da kyau, domin su ne za su hana dariyar aji ta zama ɓarna a gida. Na farko, wannan cuta guda ce aka tabbatar dashe na warkarwa sosai. Ana gwada shi a kan gyambon hanji, an ga ɗan amfani ga waɗansu. Zancen ƙiba da ciwon sukari da sauran abubuwan da a ke yayatawa a waya, har yanzu a ɗakin bincike su ke. Na biyu, hatsarinsa ba wasa ba ne. Wani ma'ajin bayan gida da aka kafa a Amurka ya ba da lissafi cikin 2019 cewa mutum 15,317 suka nemi su zama masu bayarwa, 386 kaɗai suka tsallake awo. A shekarar nan dai, a birnin Boston, aka ba majiyyata biyu masu raunin garkuwar jiki kafso daga mai bayarwa guda, ashe yana ɗauke da wata ƙwaya wadda ba ta jin magani, ba a kuwa auna wannan ba. Ta shiga jininsu, ɗaya ya mutu. In haka ta faru a inda a ke da kowane irin na'ura, ina ga wanda zai gwada a zaure? Kwalara da taifot da atuni da tsutsar ciki da shan inna duk ta wannan hanya su ke bi. Ba mu manta da 2021 ba, sa'ad da kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, Kano kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Darasin salga da sabulu, wanda aka gada tun zamanin duba-gari na En'e, yana nan daram.

Wani zai ce, ai najasa ce, yaya za a yi magani da ita? Hukuncin wannan na malamai ne, ba na jami'in ilmi ba. Iyakar abin da zan tuna wa mai tambaya shi ne, jinin da ya zuba ma najasa ne, ga shi kuwa malamai sun halatta ƙarin jini in larura ta kai a ceci rai.

Namu Rabon

Wannan magana ba ta Turai ba ce kaɗai, ko da ya ke ta inda ta shafe mu dabam ne. Cikin 2010 waɗansu masana na Italiya suka gwama bayan gidan yara 14 na ƙauyen Bulpon a Burkina Faso da na yara 15 na birnin Fulorans. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganye, watau abin da ke cikin tukunyar kowane gida a Ruwan Bago. Aka tarar hanjinsu ya fi yawan iri, cike da ƙwayoyin da ke cin dusa, waɗanda babu su a hanjin 'yan birnin, sinadaran nan masu ciyad da bangon hanji sun fi yawa, dangin ƙwayoyin da ke kawo zawo kuma sun fi ƙaranci. An yi irin wannan bincike a Nijeriya, a kan Bassa mazauna ƙauye cikin 2018, da Fulani makiyaya cikin 2019, aka ga hanjinsu ya bambanta da na mazauna gari. Canjin kuwa ba ya ɗaukar lokaci. A wani gwaji da aka buga cikin 2015, baƙaƙen fata 20 na Amurka da 'yan ƙauye 20 na Afirka ta Kudu suka yi musayar abinci na mako biyu kacal, aikin ƙwayoyin hanjin kowane ɓangare ya juya ya nufi na ɗayan.

Watau abin da masu kuɗi ke biya a dasa musu, ɗan talakan da ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka da ɗanwake da kwaɗon zogale da fura da nono yana da rabonsa tun daga gida. Ba na cewa yaran ƙauye sun fi lafiya. Wanda ya ga yadda zawo da tamowa ke ɗibarsu da damina ba zai faɗi haka ba. Abin da na ke cewa, suna da wata dukiya guda a ciki, mu kuwa muna ɓarnatad da ita ta hanya biyu. Ta farko, ni da kaina ina cikin masu laifi: da albashi ya ɗan ƙaru sai tuwon dawa ya koma na ran da ba kuɗi, a koma farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba, a surfe hatsi a wanke har ba sauran dusa, a ba akuya abin da hanji ke bukata.

Ta biyu ta fi muni. A wata kasuwar ƙauye a wannan rangadin na tsaya kusa da mai tallar magani a faranti, rana na dukan kayansa. Mace ta zo ta ce ɗanta na goye yana zawo. Bai tambayi kwana nawa ba, bai tambaya ko da jini ba, ya ƙirga mata kafso huɗu da Flagyl biyu, iyakar kuɗinta ke nan, ya ce ta fasa ta jiƙa masa. Galibin zawon ƙananan yara kuwa irin ƙwayar da ke kawo shi, kamar rota, ba bakteriya ba ce, kafso ba ya taɓa ta. Abin da zai taɓa shi ne 'yan mazaunan da suka rage wa yaron. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2004 shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono da abinci. In da jini a zawon, ko yaro ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, sai asibiti, can ne za a san ko yana bukatar maganin kashe bakteriya. Rigakafin rota kuma ya shiga jerin rigakafin yara a Nijeriya tun 2022, kyauta ne.

Kada a ɗauka ina hana shan magani. A Madarunfa, kudu da Maraɗi, cikin 'yan'uwanmu Hausawa, an yi wani gwaji daga 2012 zuwa 2013 a kan yara wajen 2,400 masu tsananin tamowa. Dukansu an ba su abincin jiyya, rabi aka ƙara musu amoksisilin na kwana bakwai, rabi aka ba su abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki. Wajen murmurewa bambancin kaɗan ne, 66 cikin ɗari da 63 cikin ɗari, amma waɗanda suka sha maganin ba a kwantad da su a asibiti da yawa kamar sauran ba. Da aka duba bayan gidansu daga baya, sai aka ga cikin makon farko fiye da rabin masu shan maganin sun kwashi ƙwayoyin da ba su jin magani, a ɗaya ɓangaren kuwa wajen ɗaya cikin uku, har ma abin yakan tsallaka zuwa 'yan'uwansu na ɗaki ɗaya. Bayan 'yan makonni hargitsin ya lafa. Ga amfani, ga kuma farashi, a yaro guda. Likita yakan auna biyun kafin ya rubuta, ya faɗi adadi, ya faɗi kwanaki. Mai faranti kuɗin hannunka kaɗai ya ke aunawa. Akawunan ƙananan hukumomi da ke zaune kusa da masu ba da izinin rumfa a kasuwa, wannan ɓangaren nasu ne.

Shi kuwa malamin Ruwan Bago, shawarata gare shi ita ce ya kira yaron nan a gaban ajin da ya yi masa dariya, ya ce masa ya yi gaskiya. Ba abin da zai rage wa malami. Sa'an nan ya nuna musu abin da idonsu, gama kayan aikin ba su da tsada. A sami madarar shanu sabuwar tatsa, a tafasa, a bari ta huce har ta koma ɗumi, a raba ta a kwano uku masu tsabta. Na farko a rufe shi haka nan. Na biyu a zuba masa cokali guda na kindirmon jiya. Na uku a zuba masa kindirmon, a kuma fasa kafso guda na amoksisilin a juye a ciki, a motsa. A rubuta lamba a jikin kowanne, a ajiye su wuri mai ɗumi a ofishin hedimasta, da safe a buɗe a gaban yara, a bar su su faɗi wanne ya kwanta ya yi kauri, wanne ya tsaya ruwa, su kuma nemo dalili da kansu kafin malam ya ce kome. In an gama, kwano na ɗaya da na uku a juye su a salga, kada a bari wani yaro ya ɗanɗana.